Aron Ido

Zakara bai yi cara ba suka buga min ƙofa,
a Tebtunis, bakin hamada, inda ake binne kada da girmamawa.
"Petesukos, ɗauko allonka,
'yar Harfalos mai matsar zaitun ta cika."

Na ɗauko shi, siriri kamar ɓawon albasa,
katakon da ya ƙetaro teku cikin jirgi
bai san fuskar da zai goya ba.
Kasko, gawayi, kakin zuma,
jar ƙasa, rawaya, farar dalma, kunkunniyar fitila.
"Da huɗun nan ake yin mutum," in ji ubana,
"sauran duk kwalliya ce."

Tamista. Shekara goma sha tara.
Masu kanwa na zaune a tsakar gida da ƙunshin lilin,
suna duban rana, suna dubana.
Na auna goshinta da tsinke.
Hancin na uba ne, ya ɗan karkata hagu,
ga tabo a haɓa, tun ranar da jaki ya kayar da ita a bakin tafki.
Uban ya ce, "Share shi."
Uwar ta ce, "In ka share, wa zai gane ta a can?"
Na bar shi.

Kaki ba ya jiran mai dogon tunani.
Ka ɗebo shi da zafinsa, ka ɗora,
kafin ka sauke numfashi ya daskare.
Da haka na tayar da kumatu,
na nannaɗe gashi, na rataya 'yan kunne masu ƙwaya uku
da aka aro daga maƙwabta.
Hantsi ya yi, saura ido.
Nata kuwa a rufe suke, rufewar da ba mabuɗi.

Sai na yi abin da na saba,
manya-manya, masu sanyi, irin na maraƙi.
Uwar ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe.
"Waɗannan ai na kowa ne.
Bara ka sayar da su ga matar mai gasa burodi."
Kunya ta rufe ni.
Na ɗumama ƙarfe na kankare.
Na sake, ta girgiza kai. Na sake kankarewa,
har allon ya fara nuna jijiyarsa.

Can bayan randar mai wani abu ya motsa.
Ƙaninta ne, Orsenufis, bai kai takwas ba,
kamu ɗaya na ɓaure a hannunsa, bai ci ba.
"Kai, mai zane, yaushe za ka gama ta tashi?"
Ya harare ni ta gefe, gira ɗaya a sama,
kallon wanda aka yi wa alkawari ake ja masa rai.
Uwar ta dafe ƙirji, ba ta ce uffan ba.
"Tsaya nan," na ce, "kar ka ƙifta."
Baƙi na fara sawa, sannan ruwan ƙasa,
sannan ɗigon fari, ƙanƙane, bai kai ƙwayar riɗi ba.
Ɗakin ya yi tsit.
Daga kan allo Tamista ta harare mu duka.

An biya ni da tulun mai da tsaba biyu.
Aka datse wa allon kusurwa, aka ɗora shi kan fuska,
lilin ya bi ya zagaye, yashi ya jira rabonsa.
Shekara talatin ke nan ina yi wa duhu zane,
ban taɓa jin ya yaba ba, ban ji ya kushe ba.

Yaron ya girma, ya yi gemu, shi ke matsar zaitun yanzu.
In mun haɗu a kasuwa yakan gaishe ni da ladabi,
ni kuwa sai in dubi ƙafafunsa.
Ramammen aro ne a kaina,
ban san yadda ake mayar da shi ba.